Mardiyya Mai Kopto da Majon Tungar Gawo

Ina tankaɗen gari a tsakar gida da hantsi na ji ƙarar babur ta mutu tun daga bakin rijiya. Na san na Mamman ne, don duk Tungar Gawo babu babur mai irin tarinsa. Mamman ɗan kabu-kabu ne, kuma bai taɓa kashe babur ba sai ya kai hancinsa bakin zaure. Ran nan ya ajiye shi nesa, ya tako da ƙafa. Ya yi sallama, ya tsuguna gefen turmi, ya cire hula yana murza ta. Idonsa a ƙasa ya ce, "Yaya Hure, sai haƙuri. Mardiyya ta cika da safen nan a Dosso."

Na ce inna lillahi, na ajiye rariya. Kaji suka taru a kan garin suna ci, ina kallonsu, ban kore su ba.

Ni ba mai ilimi ba ce. Ni da Mardiyya benci ɗaya muka zauna a lakwal, wato makarantar boko, tare kuma muka bari kafin mu gama. Amma ina so in rubuta abin da ta yi, don ƴaƴanta su same shi a rubuce, ba a bakin mutane kawai ba.

Kopto take sayarwa. Ita ke tsinko zogalenta, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli da albasa, ranar kasuwar Dogon Dutsi ta ɗauki roba ta shiga mota, ta zauna bakin tasha. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kira ɗanta daga ƙofar gida sai ɗan maƙwabta ma ya amsa. Ni ce ƙarama a jiki, ni ce kuma mai yawan magana, shi ya sa take ce mini Uwar Zance. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta sake aure ba. Ta ce ta gaji da wanke wa namiji riga.

Ƙanenta da ke Kwatano ne ya aiko mata da salula babba. Rubutu yana ba ta wuya, sai ta gano ana iya danna wuri ɗaya a yi magana, muryar ta tafi. Bokal muke ce wa wannan saƙon murya. Ta buɗe gurup na matan garinmu, ta zuba mu ciki tare da ƴaƴanmu da aure ya kai Yamai da Birnin Kebbi da Agadas. Kullum bayan la'asar sai ta zauna kan turmi ta ba da labarin gari: wadda ta haihu, wanda ya dawo daga ci-rani, ko ruwan jiya ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu, jakin wa ya faɗa rami. Maza suka fara satar bokal ɗinta suna turawa gurup ɗinsu. Kafin a jima, abin da Mardiyya ta faɗa shi ne abin da ya faru. Tana jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Ni ma ina jin daɗi, don ƙawata ce.

Muna da ƙaramar likita mai ɗaki biyu a bakin gari. Ta daɗe a rufe, har awaki suka mai da barandarta wurin kwana, don duk wanda aka turo sai ya ga yashin hanyarmu ya nemi wani wuri. Daga baya aka turo mana wata yarinya daga Damagaram, sunanta Lubna. Majo muke ce mata, kamar yadda muke kiran duk ma'aikacin jinya mai riƙe da ƙaramar likita. Ba ta da kowa a nan, sai Alhaji Kamaluddeen, shugaban kwamitin likitar, ya ba ta ɗaki a gidansa, tana ci daga tukunyar matarsa. Shiru-shiru ce. In tana yi wa jariri allura sai ta riƙa ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa kamar babban mutum.

Wata ranar kasuwa cikin bazara naƙuda ta kama Zalika, matar Mamman. Shi yana Dogon Dutsi wurin aiki. Muka ɗora ta a amalanke muka kai likita, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. A barandar nan ta haihu, ni da tsohuwar ungozoma muka tare ta da zannuwa. Jini ya ƙi tsayawa. Da ƙyar aka samo mota ta kai ta babbar likita. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da jaririyar duka suka rayu, amma wanda ya ga barandar ran nan ba zai manta ba.

Da yamma Mardiyya ta dawo daga kasuwa, ta tarar da Mamman a ƙofar gida yana kuka yana zagi. Ta miƙa masa salula, ya faɗi duk abin da ke cikinsa: majo ba ta zama ranar kasuwa, kowane mako haka take, ta kusa kashe masa mata. Mardiyya ta tura. Washegari da safe ta je wurin Lubna, don ita ma a ji nata. Lubna ta ce ta je Dogon Dutsi ne ɗauko maganin riga-kafi, ta yi wa Zalika addu'a, ba ta ƙara kome ba. Mardiyya ta tura wannan ma, ta koma dafa zogalenta da zuciya ɗaya, a ganinta ta yi adalci.

Bokal na farko ya yi tafiyar da ba mu taɓa gani ba. Ɗiyar yayata da ke Yamai ta ce daga gurup-gurup ya riƙa zo mata, har da na mutanen da ba su san inda garinmu yake ba. Na biyun kuwa ba ta taɓa jin sa ba. Babu wanda ya tura shi. Babu kuka a ciki, babu zagi.

Sai Abdul'aziz ya ɗauka. Saurayi ne mai shagon kayan salula a kasuwar Dogon Dutsi, mai ɗan gemu da wando ɗangale, yana da shafi a Fesbuk da mutane da yawa ke bi. Ba mugu ba ne. Shi ne ke ɗaukar hoton fanfon da ya lalace ko ajin da iska ta yaye wa rufi, kuma sau da yawa akan gyara. Amma wannan karon ya ɗora muryar Mamman a kan hoton Lubna da wani ya ɗauka a tasha tana riƙe da akwati, ya rubuta cewa ga majon da ke barin marasa lafiya tana fatauci. Abin da mutane suka rubuta a ƙasa ba zan maimaita ba. Wasu har uwarta suka taɓa.

A gari mata suka daina kai yara allura. Wata safiya aka tarar an jibga ƙaya a ƙofar likita. Samari suka ce za su je Dogon Dutsi su nemi a ɗauke ta. Ba su ma kai ga zuwa ba, ita da kanta ta roƙi manyanta su canza mata wurin aiki. Aka ce ta jira lokacin da ake sauye-sauyen ma'aikata. Duk mai hankali a cikinmu ya san in ta tafi awaki za su koma baranda, amma babu mai son faɗa.

Mardiyya ta daina bokal. Na je na same ta zaune, zogale ya bushe a faranti ba ta dafa ba. Na ce mata ba laifinta ba ne, ai ta ɗauki na kowa. Ta girgiza kai.

"Uwar Zance, raba su na yi. Na sa ƙara a mota, na bar amsa ta taho da ƙafa."

Ta koma wurin Lubna har sau da yawa, tana tambayar me ya sa sai ranar kasuwa, me ya sa kowane mako. Yarinyar sai ta sunkuyar da kai ta ce ba kome, Inna. Mutane suka ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Mardiyya ba ta ɗauka ba. Ranar kasuwa ta gaba ta bar mini robar kopto na tsare mata, ta bi Lubna ƙafa da ƙafa, ba tare da ta ɗauki muryar kowa ba. Ta ga ta shiga babbar likita, ta fito da akwatin ƙanƙara, ta zauna a inuwa tana rungume da shi har motar garinmu ta cika. Ko ƙofar kasuwa ba ta leƙa ba.

A hanyar dawowa, cikin motar, Mardiyya ta haɗa zancen da kanta. Firigon likitarmu, mai aiki da hasken rana, ya mutu tun farkon zafi. Maganin riga-kafi ba ya kwana a zafi. Motar haya kuwa ranar kasuwa kaɗai take biyowa ta garinmu. To sai yarinyar ta je ran nan ta ɗauko, washegari da sassafe ta yi wa yara kafin ƙanƙara ta narke. Gyaran firigo aikin kwamiti ne, su za su zauna su kai kuka gaba. Kwamiti kuwa bai zauna ba, don Alhaji yana can yana safarar wake tsakanin nan da Kamba. Lubna ta gaya masa, ya ce to, ya manta. Yaya baƙuwa za ta buɗe baki a gaban gari ta ce laifin mai masaukinta ne, alhali da daddare tuwonsa za ta ci? Gara ta haɗiye zagin ta tafi.

Abin da ya taimake mu shi ne Alhaji taubashin Mardiyya ne. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito. A wurinmu taubashi yana iya faɗa maka abin da ko maigari ba zai faɗa ba, kuma in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ta ja ni muka je zaurensa da hantsi, yana shan fura.

"Kai bawana, aje ludayin ga," in ji ta. "Firigo ya mutu kana nan kana ƙiba."

Ya yi dariya ya ce baiwar gidansu ta zo roƙon wake ke nan. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta zayyana masa duk abin da ta gani. Dariyar ta ɗauke. Ya ce to a bar maganar a nan, zai sa a gyara cikin sirri, ba sai an tara masa jama'a ba. Ta ce firigo yana gyaruwa cikin sirri, sunan yarinya ba ya gyaruwa haka, don a bainar jama'a aka ɓata shi. Ta ce za ta yi bokal ɗaya tak, Mamman a ciki, majo a ciki, shi ma a ciki, ba za ta ɗaga yatsa daga salula ba sai kowa ya gama. Ya tambaya in ya ƙi zuwa fa.

"Sai in ce ga wurin Alhaji, in yi shiru a ji kukan kaji, kana in ce Alhaji ya gama."

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya ba wagga mata salula. Amma ya zo.

A gindin gawon da ke bakin likita aka yi taron. Mata ba su taɓa zuwa zaman kwamiti ba, ba don an hana ba, babu dai wadda ta taɓa tunanin ana zuwa. Ran nan muka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Mardiyya ta tsaya a tsakiya, ta yi bisimilla, ta danna. Mamman ya fara, ya maimaita abin da ya faɗa, bai rage ba, don gaskiya ne matarsa ta haihu a baranda. Zalika ta yi magana daga inda take zaune da jaririyarta. Sai Alhaji ya miƙe. Ya yi ta gyaran murya, ya yi ta gyaran babbar riga, daga ƙarshe ya ce majo ta gaya masa zancen firigo tun kafin azumi, shi ne bai kira zama ba, kuma duk zagin da ta sha nasa ne ta ɗaukar masa. A cikin bokal ɗin, daidai nan, ana jin jakin wani yana kuka.

Da aka miƙa wa Lubna salula, cewa kawai ta yi ya kamata ta bar mabuɗi wurin ungozoma, wannan kuskurenta ne, tana neman gafarar Zalika. Mamman ya rufe fuska da hula. Da ya buɗe sai ya ce daga yau shi zai riƙa ɗauko akwatin a babur, majo ta zauna a likitarta. Aka tsai da cewa kwamiti zai riƙa zama duk wata a gindin gawon, kowa ya zo, kuma a ɗauki muryar zaman daga farko har ƙarshe. Sai a nan Mardiyya ta ɗaga yatsa. Hannunta ya sanƙare, ni na murza mata shi.

Saura Abdul'aziz. Mardiyya ta kai masa bokal ɗin har shago. Ya saurari kaɗan ya ce ya yi tsawo, mutanensa ba sa jin abin da ya wuce ɗan lokaci, ta bari ya yanko wurin da Alhaji ya amsa laifi, wannan zai yi tafiya. Ta ce ashe yana so ya yi wa Alhaji abin da aka yi wa majo. Ko duka, ko babu. Ya ce shafinsa ne. Ta ce haka ne, ta fito.

Ranar kasuwa ta gaba muka cika motar garinmu, wasu suka bi amalanke tun da sassafe. Ba mu yi ihu ba, ba mu zagi kowa ba. Muka zauna a gaban shagonsa da robobinmu da ƙwaryar nonon matan rugar da suka biyo mu, duk mai salula ta kunna bokal ɗin. Wanda ya zo sayen caja sai ya tsallake ƙafafunmu, ya tsaya ya tambayi abin da ake saurare, sai ya manta da cajar. Kafin azahar mutane sun toshe layin. Abdul'aziz ya fito yana gumi ya ce, Inna, mi kuke so da ni. Mardiyya ta miƙa masa kopto a takarda.

"Ci, ɗana. Kai ka yi muna wa'azi a shafinka kan cin naman mutane. Hoton ɗiyar mutane na nan har yanzu."

Ya karɓa bai ci ba. Ya koma ciki, ya zauna ya saurari bokal ɗin tun daga bisimilla har ƙarshe, muna ganinsa ta ƙofa. Da ya fito idonsa ya yi ja. A gabanmu ya goge hoton, ya ɗora muryar zaman dukanta, ya ƙara da tasa yana cewa ya yaɗa abin da bai bincika ba, yana roƙon majon Tungar Gawo ta yafe masa. Matan da ke wurin suka rangaɗa guɗa, ƴan kabu-kabu suka hau danna oda ba su ma san dalili ba. Ran nan kopton Mardiyya kyauta ya ƙare.

Wanda ya ce mutane ba sa jin dogon zance bai san mutanenmu ba. An saurare shi a gareji a Yamai, an saurare shi a gona. Ba a daɗe ba aka zo aka gyara firigo. Mata suka koma kai yara allura, waɗanda suka jibga ƙaya ba a san su ba, amma wata safiya an tarar an share harabar likita tas. Daga wajen Kiéché har Sukukutane aka riƙa kiran Mardiyya, wai ta zo ta ɗauki zaman kwamitin fanfo ko na iyayen yara. Wani wurin ta je, wani ta ce su ma suna da yatsu. A gurup ɗinmu kuwa, in wata ta turo ƙarar wani, kafin Mardiyya ta yi magana sai ka ji wata tsohuwa ta ce, to ina nasa bakin?

Abu ɗaya ne ya rage mana a zuciya. Lubna ba ta ce ta fasa tafiya ba. Tana aikinta, tana gaisawa da kowa, amma roƙon da ta kai wa manyanta yana can. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, lokacin sauye-sauye yana matsowa. Kunya ta hana mu tambaya, don mu ne muka yi mata abin da muka yi. Na ce wa Mardiyya ta je ta roƙe ta da sunan gari. Ta ce a'a, an matsa wa yarinyar nan da bakin jama'a sau ɗaya, ba za a sake ba ko da alheri ne.

A cikin wannan jiran ne ƙafafun ƙawata suka fara kumbura. Tana hawa ɗan tudun rijiya sai ta tsaya tana haki, ta ce mini tsufa ne, alhali ni da ita sa'o'i ne. Lubna ta auna ta, ta sake aunawa, ta ce wannan ya fi ƙarfin ɗaki biyu, sai Dosso. Mardiyya ta yi ta ja, wai zaman wata ya kusa, wa zai riƙe salula. Lubna ta ɗaure fuska, karo na farko da na ga haka, ta ce Inna, gobe za ki tafi.

Na raka ta bakin mota da safe. Gabas ta yi duhu-duhu, iska tana kawo ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri. An ba ta gaba saboda ƙafafun. Na tsaya jikin tagar ina ta zuba, in ce ta sha magani, in ce kada ta yi wa likitocin Dosso bokal. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, tana murmushi kamar wadda ta ɓoye nama a baki. Ta ce jiya da majo ta zo duba ta, yarinyar ta tambaye ta wa ake gani in ana son ɗan fili a bayan likita, tana so ta shuka gujiya bana.

Sai na gane: mai neman filin shuka ba ta da niyyar tafiya. Na ce bari in gaya wa mata yanzun nan. Ta matse mini hannu ta ce in bar yarinya ta yi shukarta, kowa zai gani da idonsa. Direba ya tayar da mota.

"Irin gujiyata na cikin tulu bayan ƙofa," in ji ta. "Ki ba ta rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

"Nawa ne, Uwar Zance. Kada ki soye shi."

"To ki yi maza ki dawo," na ce. "Ruwa ya kusa."